Shawara ga Malaman Nguru da Gashuwa: A Koya wa Yaro Bin Sawun Tunaninsa

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen tagar aji a Nguru ko Gashuwa ya san wannan sauti. Malam ya cika allo da rubutu, ya juyo yana kaɗe alli daga hannunsa, ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Eh, malam!" Sai ranar jarrabawa takarda ta tona cewa da yawa daga cikin masu ɗaga muryar nan ba su kama komai ba.

Kada mu yi saurin cewa ƙarya yaran suka yi. Akwai wanda tsoro ya sa ya amsa, akwai mai bin yarima a sha kiɗa, amma mafi yawansu har zuciya suke faɗi. Bayani ya shiga kunnensu sumul, sun ga malam ya warware lissafin ba gargada, sai suka ɗauka su ma sun iya. Ba a taɓa nuna musu yadda mutum zai gwada kansa ya bambanta "na ga an yi" da "zan iya yi" ba. Wannan gwajin kai kuwa ana koyar da shi kamar yadda ake koyar da tarawa da ɗebewa, kuma ba ya buƙatar kwamfuta ko sabon gini. Shi nake so mu duba, tare da abokin tafiyarsa, wato iya kafa hujja.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe a kan wannan batu. John Flavell, wani masani Ba'amurke, ya yi fice a shekarun 1970 wajen nuna cewa mai koyo yana buƙatar sanin yadda ƙwaƙwalwarsa ke aiki, ya kuma iya sa mata ido. A 2018 wata gidauniyar binciken ilmi ta Ingila, Education Endowment Foundation, ta fitar da jagora ga malamai a kan haka: ɗalibi ya tsara yadda zai tunkari aiki, ya lura da kansa yana tsakiyar aikin, in ya gama ya waiwaya ya auna. Ƙiyasinta a lokacin shi ne, inda aka yi abin da kyau, yara kan sami ƙarin ci gaba na kimanin wata bakwai. Ingila ba Yobe ba ce, ajinsu bai kai namu cunkoso ba, don haka kada mu ɗauki adadin a matsayin alkawari. Abin riƙewa shi ne sharaɗin da suka gindaya, cewa a cusa dabarar a cikin darasin lissafi da kimiyya da harshe, kada a ware mata wani darasi na daban.

Kuma kada wani ya ce baƙon abu ne aka kawo mana. Ku leƙa tsangaya, wadda ƙasar Borno da Yobe ta shahara da ita tun ɗaruruwan shekaru. Almajiri ba ya wanke allo don kawai ya ji a ransa ya iya. Sai ya kife allon ya kawo darasin da ka, malam ya saurara. Gardin da ya yi nisa zai gaya maka da bakinsa izun da ya zauna masa daram da wanda yake yi masa gardama. Ya san wuraren da ayoyi ke kama da juna har harshe ya zame, kuma can yake ƙara wa tilawa lokaci. Mun ɗauko haddar mun kai makarantar boko, mun baro gwajin kan a tsangaya, kuma wannan asara ce babba.

Wurin farawa shi ne bakinka, malam. Yara suna ganin amsarka a allo, amma hanyar da ka bi a zuciyarka ɓoye take gare su. Fito da ita fili. A ce a ƙaramar sakandare kake, ga tambaya: ɗan kasuwa ya sayi kwalin bandar kifi a Nguru naira 40,000, ya biya 5,000 kuɗin mota da dako zuwa Kano, ya sayar 54,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Kafin ka taɓa alli, yi magana da kanka a gabansu, kowa na ji: "To, me ake nema? Kashi cikin ɗari ake so, ba tsabar ribar kaɗai ba. Na taɓa ganin irin wannan? Na gani, sai na fara sanin uwar kuɗi. Uwar kuɗin 40,000 ce? Tsaya. Kuɗin motar daga aljihun wa ya fita? Nasa. Ashe 45,000 ya kashe, riba 9,000 ke nan. Yanzu da me zan auna ta, da abin da ya kashe ko da abin da ya sayar? Riba a kan abin da aka zuba ake auna ta. 9 cikin 45, ɗaya bisa biyar, kashi 20. Bari in duba: ɗaya bisa biyar na 45,000 shi ne 9,000, in na ɗora a kai na sami 54,000. Ya yi."

Wannan "tsaya" da wannan "bari in duba" su ne ainihin darasin. George Polya, malamin lissafi ɗan asalin Hungary, ya tsara matakai huɗu na warware matsala a littafinsa na 1945: fahimtar tambaya, tsara hanya, bin hanyar, sai waiwaye. Na huɗun ne kullum muke tsallakewa saboda ƙararrawa ta kusa. Washegari ka rubuta amsa biyu a allo, 20 da 35, ka ce su gano hanyar da mai 35 ya bi har ya ɓata. Yaron da ya gano cewa kuɗin mota aka manta ba zai sake mantawa da shi ba, don da kansa ya kamo ɓarawon. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ka miƙa alli ga ɗalibi, ya fito ya yi nasa tunanin a fili, kai ka koma gefe. Malamar Turanci ko Hausa ma haka za ta yi da karatun labari. Tana cikin karantawa ta dakata ta ce, "Nan na ɓace, wa ake nufi da 'shi' a wannan layi? Bari in koma baya." Yara da yawa ba su san gwanayen karatu ma suna ɓacewa su koma baya ba.

To, me zai maye gurbin "kun gane?" Duk lokacin da ka ba da aikin aji ko ɗan gwaji, ka ce kafin su miƙa littafi kowa ya sa harafi a gefen kowace amsa: T in ya tabbata, S in yana shakka, C in canka kawai ya yi. Ka tabbatar musu harafin ba ya rage maki ko ɗaya. In littattafai sun dawo, kowa ya nemi amsar da ya sa wa T amma ta faɗi. Nan ne ciwon yake, domin wanda ya san bai sani ba zai yi tambaya, wanda ya tabbata a kan kuskure kuwa da kuskurensa zai shiga ɗakin WAEC ko NECO. A makonnin farko za ka ga wasu T suke zubawa ko'ina, wasu kuma, musamman 'yan mata masu kunya, S suke sa wa amsar da ta yi daidai. Yarinyar da duk S ɗinta suka ci, ki kira ta gefe, malama, ki nuna mata littafin ki ce, "Duba, kin sani fa. Ki daina raina kanki."

Gyaran da muke sa su yi bayan jarrabawa shi ma yana buƙatar gyara. Kwafe amsa daga allo ba ya ƙara komai sai kyan rubutu. A gefen kowane kuskure yaro ya rubuta sanadinsa a taƙaice: ban karanta tambayar sosai ba, ko ban san ƙa'idar ba, ko na sani na yi gaggawa, ko Turancin tambayar ne ya ɗaure min kai. Wannan na ƙarshen yana da nauyi ƙwarai a wurinmu. A aji ɗaya za ka tarar da mai yin Badanci a gida, da mai Manganci, da mai Fillanci, ana wasa da Hausa, ana jarrabawa da Turanci. Yaron da lissafinsa lafiya lau amma kalma ɗaya ta Turanci ta kayar da shi, in bai gane haka ba zai yanke wa kansa hukuncin daƙiƙanci, ya ƙi lissafi har abada, alhali kalmomi ashirin ko talatin ne tsakaninsa da cin jarrabawar.

Akwai kuma maganar jira. Mary Budd Rowe, Ba'amurkiya mai binciken koyar da kimiyya, ta naɗi muryoyin azuzuwa masu yawa, ta bayyana a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin sakan ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka tsawaita jiran zuwa sakan uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu magana suka ƙaru. In ka jefa tambaya, ƙirga biyar a zuciyarka, kada kowa ya ɗaga hannu. In tambayar mai nauyi ce, ba su minti ɗaya kowa ya juya ga na kusa da shi su tattauna da harshen da suka ga dama, sannan ka zaɓi mai amsawa da kanka, har daga can baya. A aji mai cunkoso, kowa ya rubuta amsarsa da manyan haruffa a bayan littafi su ɗaga tare; da kallo ɗaya za ka san inda ajin yake. Irin wannan aiki mai cin ƙwaƙwalwa, in jadawali ya ba da dama, a sa shi da safe, don duk wanda ya san ranar Afrilu a Nguru ya san abin da take yi wa aji bayan azahar.

Ka koya musu yadda ake bita a gida ma. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗalibai a Amurka: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta suka rufe suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke ciki. Masu maimaita karatun sun fi jin cewa za su tuna, amma bayan mako ɗaya masu rufe littafin ne suka fi tunawa. Ka gaya wa ɗalibanka: karanta shafi, rufe, rubuta abin da ka riƙe ko ka bayyana wa ƙanenka, sannan ka buɗe ka ga abin da ya zube.

Sai mu zo kan hujja. Nan ma muna da gado. Shehu Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, wanda ya rayu a ƙarni na 16, mai littafin Ahalari da muke fara fiƙihu da shi, shi ne kuma mai Sullam, littafin manɗiƙi da ake karantawa a zaure. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare koyon manɗiƙi a muhawarar da ya yi da Imamu Suyuɗi, wanda shi bai yarda da shi ba. Malamai sun saɓa a kan fannin, amma ba wanda ya saɓa a kan cewa magana tana buƙatar dalili. Kai kuma a aji tambaya ɗaya za ka mayar ɗabi'a: "Ta yaya ka sani?" Ka yi ta ga mai amsa daidai kamar yadda kake yi wa mai kuskure. In sai an yi kuskure kake tambaya, yara za su gane da wuri, duk wanda ka tambaya sai ya janye amsarsa.

Fara da ƙananan tarkuna na minti biyar. Rubuta a allo: "In an yi ruwan sama, ƙasa za ta jiƙe. Ƙasa ta jiƙe. Saboda haka an yi ruwan sama." Ka tambaya ko maganar ta tsaya. Da yawa za su ce ta tsaya. Sai ɗan manomin fadama ya tuna cewa gonarsu kan cika da ruwa ko ɗigo bai sauka a garin ba, domin ruwan kogi ne da ya taso tun daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos, ta kogin Haɗeja da na Jama'are waɗanda ke haɗuwa kusa da Gashuwa. Wani kuma ya ce ban-ruwa da inji ma yana jiƙa ƙasa. Shi ke nan sun koyi cewa sakamako ɗaya yana iya samun sanadi da yawa. Wata rana ka kawo na "duk" da "wasu": duk masunta sun iya tuƙa kwale-kwale, wane ya iya tuƙa kwale-kwale, shin dole masunci ne? Ka saba musu da neman misali ɗaya tak da zai rushe maganar da ta fara da "duk" ko "kullum".

Babban darasin sanadi da sakamako kuwa yana bakin ƙofarmu, wato ciyawar kacalla. Kowane yaro a Nguru ya san ta, ya ji iyaye suna kuka da ita. Ka tambayi aji: kacalla ce ta tare ruwa, ko tsayawar ruwa ce ta kawo kacalla? Bar su su rabu gida biyu, kowane ɓangare ya kawo dalili, ka aike su su tambayi tsofaffin masunta da manoma yadda fadamar take a da. Sannan ka ba su abin da aka sani. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Kafin nan ruwa kan zo da ƙarfi da damina, hanyoyinsa da yawa su bushe da rani. Bayan madatsun sai ruwa ya riƙa gangarowa kusan duk shekara, kacalla kuma ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa take so. Da ta yi yawa sai ta rage wa ruwa gudu, laka ta taru, wasu hanyoyi suka toshe, ruwa ya karkata zuwa hanyar ruwa ta Marma da tafkin Nguru. Wasu gonaki suka nutse, wasu suka rasa ruwa, tsuntsayen jan-baki suka sami mafaka suna cin hatsi. Su zana wannan a allo da kibiyoyi, za su ga wata kibiya ta zagayo ta koma inda ta fito: tsayawar ruwa ta haifi kacalla, kacalla ta ƙara tsayar da ruwa. Ashe kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. Ka rufe da tambayar da ta fi duka amfani: wace shaida ce, in ka gan ta, za ta sa ka sauya ra'ayi?

Ga manyan azuzuwan sakandare akwai batun da ya fi wannan zafi. Ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar mutanen Gashuwa da kewaye, masu bincike kuma, har da na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, suna kan neman musabbabinsa. A halin nan saƙonnin WhatsApp suna yawo, kowa da nasa bayani da nasa magani. Malamin kimiyya ya raba allo gida uku: abin da aka tabbatar, abin da ake zato ana bincike a kai, da abin da aka ji kawai. Cewa hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙoda tabbatacce ne. Ruwan sha da magungunan gona suna cikin abin da ake zato. In wani ya ce, "Duk waɗanda suka kamu ruwan nan suke sha," ka tambaya: waɗanda ba su kamu ba fa, wane ruwa suke sha? Wannan tambaya ba ta wanke ruwan ba, ta dai nuna cewa hujjar ba ta cika ba tukuna, ta kuma nuna irin binciken da zai cika ta. Amma ka taka a hankali, malam. Wataƙila a ajin akwai wanda ya rasa mahaifi ko mahaifiya ta wannan ciwo. Ka san ajinka kafin ka buɗe maganar.

Na san abin da ke damun wasu iyaye da malamai: kada a koya wa yara musu da manya. Damuwa ce mai tushe, kuma maganinta a koyar da ladabin tambaya tare da tambayar. "Gafarta malam, ni ga yadda na gani, ko za a duba min?" Wannan ba rashin kunya ba ne, haka ɗalibai ke yi a zaure. A hana dariya ga mai kuskure, a hana kiran kowa daƙiƙi, a saba da cewa hujja ake bugawa, mai hujjar ɗan'uwa ne. Bulala kuma, in har ana dukan yaro saboda ya kuskure amsa, to duk abin da na zayyana ya rushe, domin ba mai rubuta C a littafinsa yana kallon dorina a kan tebur. Kai ma in an yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ce, "Ban sani ba, zan bincika in dawo muku," kuma ka dawo ɗin. An ruwaito cewa Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya sha amsa tambayoyi da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa komai ba a idon ɗalibansa.

Saura maganar lokaci, don manhaja tana da tsawo, zango kuma gajere ne. Yawancin abubuwan nan minti biyar ne a farkon darasi ko ƙarshensa, kuma suna rage maimaita babin da aka ɗauka an wuce. Tun da Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2019 an gina makarantu an gyara wasu, amma abin da ke faruwa tsakanin malam da yaro a cikin ginin yana hannunmu. Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman a Gashuwa, da kwalejin ilmi da shari'a ta Nguru, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, duk suna kusa da mu. Ina roƙon masu duba ɗaliban da ke fita koyarwar gwaji su riƙa lura da sau nawa ɗalibin malami ya nemi dalili daga yaro, da tsawon jiran da ya yi, ba tsabtar shirin darasi kaɗai ba. Shugaban makaranta kuma ya bar malamai biyu su riƙa zama a ajin juna lokaci-lokaci, ɗaya na koyarwa ɗaya na ƙirga neman dalilin da tsawon jiran.

Kada ka kwashi duka a rana ɗaya. Zaɓi aji ɗaya da darasi ɗaya zangon nan, ka fara da yin tunani a fili da haruffan T, S da C. Ajiye takardun gwajin farko a kabad. A ƙarshen zango ka fito da su ka jera da na ƙarshe, ka ƙirga amsoshin da aka sa wa T suka faɗi a kowanne, ka nuna wa kowane yaro nasa.